Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da zoben tazarar haihuwa, da yadda ake gyara su

Zoben tazarar haihuwa wata lallausar roba ce mai siffar awarwaro, faɗinta bai kai santimita 6 ba, wadda mace kan matse da yatsu biyu ta tura cikin farjinta da kanta, ta zauna a can tana sakin sinadari kaɗan-kaɗan dare da rana domin hana ƙwai fitowa. A ƙauyukan Kano da Jigawa bai yaɗu kamar allura ko ƙwaya ko ashanar fata ba, kuma wadda ta same shi galibi daga asibitin birni ko babban kantin magani ta samo shi, sannan ta koma gida da shi, nesa da wanda ya yi mata bayani. Idan aka bi ƙa'idar zoben da ake sauyawa wata-wata sau da ƙafa, cikin mata 100 ba a cika samun ko ɗaya da ke ɗaukar ciki a shekara ba, amma a yadda mutane ke amfani da shi a zahiri, adadin yakan kai kusan 7. Wannan tazara tsakanin ƙasa da ɗaya da bakwai ba laifin roba ba ce, kurakurai ne da ake iya kauce musu, kuma mafi yawansu suna da alaƙa da yadda rayuwarmu ta karkara take tafiya.

Kuskuren da ya fi kowanne nauyi shi ne ɗaukar cewa zobe duk zobe ne. Akwai mai sinadarai biyu, wato estirojin da wani dangin furojestiron, masu kama da sinadaran da jikin mace ke samarwa, irin su NuvaRing wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, ana sa shi mako uku a cire mako guda, sannan a sa sabo. Akwai Annovera, wanda aka amince da shi a 2018, shi ma mako uku ciki mako guda waje, sai dai zobe ɗaya ake wankewa a adana a mayar har tsawon shekara. Akwai kuma mai furojestiron zalla, wanda ƙungiyar Population Council ta samar tare da masu bincike na ƙasar Chile, aka kuma gwada karɓuwarsa a Najeriya da Kenya da Senegal. Wannan na masu shayarwa ne kaɗai, yana zama wata uku cur ba a cirewa, ana fara shi tsakanin mako 4 zuwa 9 bayan haihuwa, kuma aikinsa ya dogara ga jariri yana kama nono aƙalla sau huɗu a yini, har zuwa lokacin da zai cika shekara. Matar da ta ji ƙa'idar wani a bakin maƙwabciyarta ta ɗora wa nata, ta ɓata lissafi tun kafin ta fara. Akwai ma zobe na dafibirin, wanda rigakafin ƙwayar cutar ƙanjamau ne, ba ya hana ɗaukar ciki ko kaɗan, kamar yadda zoben tazara shi ma ba ya kare mace daga ƙanjamau ko sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Gyaran a nan shi ne kada mace ta bar wurin ma'aikaciyar lafiya sai ta san sunan zobenta, ta kuma adana kwalinsa don ta nuna duk inda ta je.

Wannan rarrabewa ta fi shafar mai goyo, domin a wurinmu yawancin masu neman tazara tsoron kwanika ne ya kawo su, suna son yaro ya sha nono shekara biyu kafin a yi masa ƙani. Zobe mai estirojin bai dace da mai jego ba sam, domin a makonnin farko bayan haihuwa jini yana da saurin daskarewa a jijiya, estirojin kuma ƙara wannan haɗari yake yi, sannan yana iya rage ruwan nono. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai shayarwa kada ta kusance shi kafin mako shida, kuma an fi so ta jira har jariri ya cika wata shida. Haka nan bai dace da mai hawan jini ba, ko mai shan taba ko shisha da ta kai shekara 35, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko a huhu, ko mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido ko dushewar gani, ko mai cutar dajin nono, ko mai ciwon hanta mai tsanani. Abin da ke damuna a nan shi ne hawan jini ba ya yin sallama, mata da yawa suna yawo da shi ba su sani ba, alhali awonsa bai fi minti biyar ba a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko. Aika yaro kemis ya sayo zobe, ko karɓar ragowar na 'yar'uwa saboda ita ya karɓe ta, ba tare da an auna jini ba, wasa da rai ne.

Sai batun lissafin kwanaki, inda mafi yawan cikin da ba a shirya ba yake shigowa. Zoben wata-wata kwana 28 yake zagayawa, kwana 21 a ciki, kwana 7 a waje, amma matan karkara da yawa da tsayuwar wata suke ƙirga al'amuransu, watan sama kuwa kwana 29 ne ko 30. Wadda ta cire zobe bayan mako uku ta ce sai wata ya tsaya za ta sa sabo, ta ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan hutun da aka ƙayyade, kuma waɗannan kwanakin ne mafi haɗari a duk zagayen, domin da zarar hutu ya wuce mako guda, jiki yakan farka ya shirya sakin ƙwai. Wata kuma takan jira sai jini ya ɗauke ta yi wankan tsarki, tana ganin bai kamata a sa abu cikin jini ba. Gaskiyar magana ita ce idan rana ta bakwai ta cika, ana sa sabon zobe ko da jini bai tsaya ba, babu illa a ciki. Hanya mafi sauƙi a ganina ita ce a ɗaure lissafin da ranar mako, musamman ranar kasuwa wadda ba mai mantawa da ita. Matar da ke kusa da Maigatari, idan ta sa zobe ranar Alhamis, sai ta bar kasuwa ta ci sau biyu, a ci na uku ta cire, a ci na huɗu ta sa sabo. Ta yankin Wudil ta kama Juma'a, ta Dambatta ta kama Lahadi. Idan aka makara wajen sa sabo, sai a sa shi nan take, a yi amfani da kwaroron roba ko a ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai, idan kuma an riga an sadu a kwanakin makarar, sai a nemi ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa cikin kwana biyar, mafi kyau cikin ukun farko. Mantawa da zobe a ciki bai kai wannan muni ba, domin NuvaRing yana ci gaba da aiki har mako huɗu, amma in ya wuce haka sai an yi gwajin ciki kafin a sa wani.

Akwai wani kuskure da tsarin gidajenmu ke haifarwa. Maigida ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, sai matar ta cire zobe washegari tana cewa ba ta da buƙatarsa, ta ajiye sai ranar da aka ce yana hanya. Ta yi kuskure sau biyu. Maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar, don haka cire zobe da sassafe bayan daren bankwana yana iya buɗe wa ciki ƙofa, sannan zoben da aka sa ranar dawowa yana buƙatar kwana bakwai kafin a dogara da shi. Haka wadda ke da abokiyar zama, in ta ɗauka ranar girkinta kaɗai take buƙatarsa, tana sawa tana cirewa duk kwana biyu, to ba ta da wata kariya da za ta dogara da ita. Zobe ba shinge ba ne da ke tare maniyyi a lokacin saduwa, magani ne da ke aiki ta cikin jini, kuma sai ya zauna ba yankewa yake hana ƙwai fita. Idan tafiyar maigida ta watanni ce kuma ana son a huta, sai a ƙarasa makonni ukun da aka fara, a kuma sake farawa aƙalla mako guda kafin ya dawo.

Zobe yana iya zamowa da kansa, musamman wajen yunƙurin bayan gida ga mai fama da taurin ciki, ko ga wadda ta yi haihuwa da yawa har mahaifarta ta ɗan zazzago, ko lokacin saduwa. Idan ya faɗo a wuri mai tsabta, sai a ɗauraye shi da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan a mayar. Ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ba a jiƙa shi a ruwan bagaruwa ko kanwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da sunan tsabtacewa. Takardar NuvaRing ta ce kada ya wuce awa uku a waje, Annovera da na masu shayarwa kuwa awa biyu, kuma ko da yake jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba zoben wata-wata sarari har awa 48, ina ganin riƙe gajeren wa'adin ya fi aminci ga wadda asibiti ke mata nisa. In ya wuce wa'adi, a mayar a ƙara da kwaroron roba kwana bakwai, in kuma NuvaRing ne kuma a mako na uku abin ya faru, ya fi kyau a yar da shi a sa sabo nan take. Wanda ya faɗa masai kuwa ya tafi, kuma abin takaici shi ne mace na iya yin kwanaki ba ta san ya tafi ba. Saboda haka ya kamata ta saba taɓawa da yatsa mai tsabta bayan ta fito daga bayan gida da kuma bayan saduwa. Tsoron da wasu ke yi cewa zai haura ciki ya shige mahaifa ko ya tafi zuciya ba shi da tushe, domin bakin mahaifa ya yi masa ƙanƙanta ƙwarai, babu inda zai bi. Wannan tsoron ne ma ke sa wasu su bar shi a baki-baki, inda yake damunsu kuma yake saurin faɗowa, alhali in aka tura shi sosai ba a ma jin yana nan.

Zafin ƙasarmu shi ma abin lura ne. NuvaRing a firji ake ajiye shi kafin a sayar, bayan an saya kuma yana iya zama wata huɗu a ɗaki muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Haɗejiya ko Gumel ko Gaya yakan haura 40, ɗakin kwano da rana tsaka kuwa ya fi haka. Sayen na wata uku a jibge cikin akwatin ƙarfe ko cikin kwalla a lokacin bazara kuskure ne. Gara a riƙa karɓar ɗaya-ɗaya kusa da ranar sawa, in kuma dole a ajiye, a bar shi rufe cikin takardarsa a wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa, nesa da rana da murhu da hannun yara.

Magunguna ma suna karya ƙarfinsa. Rifamfisin da ake sha watanni shida a maganin tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton, da wasu daga cikin magungunan ƙanjamau, duk suna sa hanta ta ƙone sinadarin da sauri. Kunya takan hana mace gaya wa likitan tari cewa tana da zobe, ko gaya wa ma'aikaciyar tazara cewa tana shan maganin farfaɗiya, sai kowannensu ya yi aikinsa bai san da ɗayan ba. Irin wannan mace allurar wata uku ko robar mahaifa ta fi dacewa da ita. Haka kuma cusa kayan matsi da haɗe-haɗen gargajiya a farji alhali zobe na ciki yana jawo ƙaiƙayi da rauni, yana kuma iya turo zoben waje.

A watanni biyu ko ukun farko ana iya ganin ɗigon jini a tsakiyar wata, ko ƙarin farin ruwa, ko ɗan ciwon kai da nauyin nono. Mata da yawa sukan fassara farin ruwan da ciwon sanyi, su cire zoben su kama jiƙe-jiƙe, alhali in ba shi da wari ko ƙaiƙayi ko ciwon mara, yawanci yakan lafa da kansa. Ɗigon jinin yana tayar da hankali saboda salla da azumi, kuma hukuncinsa na malamai ne, a tambaye su ko a tambayi malamar Islamiyya tare da bayyana musu cewa magani ne ya kawo shi, maimakon a cire zobe a ɓoye. Mai shayarwa da ke amfani da na furojestiron kuma tana iya yin watanni ba ta ga al'ada ba, wannan ba jini ne ya taru a ciki ba, kuma ba alamar cewa haihuwa ta tsaya ba ce, domin da an daina amfani da kowane irin zobe, mace na iya ɗaukar ciki ba tare da wani jinkiri ba.

Abin da ba a jira ya lafa shi ne kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, musamman a sha-raɓa, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya riƙa yankewa ba dalili, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, ko gani ya dushe, ko harshe ya karye, ko ɓarin jiki ya saki, ko idanu su yi rawaya. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ta cire zoben nan take, a nemi mota ko babur a kai ta babban asibiti mafi kusa a ranar, ba kemis ba, kuma ba sai gari ya waye ba, ta kuma faɗa wa likita tun a bakin ƙofa cewa tana amfani da zobe mai estirojin. Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata maigida ya san da zoben ya kuma san waɗannan alamomi, domin a yawancin gidajenmu shi ne zai ba da izinin fita ya kuma nemo abin hawa, kuma idan jini ya daskare ya doshi huhu, awa ɗaya da aka ɓata wajen neman bayani tana da yawa.