Yadda Ake Gwada Abincin Keto a Kan Ƙarar Kunne

Ƙarar kunne, wadda likitoci ke kira tinitus, ita ce mutum ya riƙa jin shuuu, ko fito, ko kuwwa a kunnensa ko a cikin kansa alhali babu abin da ke yin ƙarar a waje. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna jin ta, kuma wajen kashi 2 cikin 100 tana tsananta musu har ta hana barci da aiki. Alama ce ta wani abu da ke faruwa a kunne ko a hanyar ji, kuma a mafi yawan lokuta tushenta raguwar ji ne, ko ta tsufa ko ta yawan zama cikin hayaniya.

Abincin keto kuwa tsari ne na rage sitaci da sukari zuwa giram 20 zuwa 50 a rana, a ci furotin daidai gwargwado, sauran ƙarfin jiki ya fito daga mai. Idan gulukos ya yi ƙaranci, sai hanta ta koma sarrafa mai tana fitar da sinadarin kiton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa aiki da shi. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya tsara shi a 1921 domin masu farfaɗiya, kuma har gobe a nan ne hujjarsa ta fi ƙarfi.

Ƙa'idojin kula da ƙarar kunne na ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka na 2014, da na NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, na 2020, ba su sa keto cikin magunguna ba. Abin da suka jaddada shi ne gwajin ji, na'urar taimaka wa ji ga wanda jinsa ya ragu, da horon sauya tunani da ɗabi'a da ake kira CBT. Duk da haka akwai dalilin da ya sa wasu za su iya amfana da gyaran abinci. A can cikin kunne akwai wani sashe naɗaɗɗe kamar bawon dodon-koɗi, kuma a bangonsa akwai wata shimfiɗa mai ɗimbin ƙananan jijiyoyin jini wadda ke tura fotasiyam cikin ruwan kunne, tana samar da ƙarfin lantarki na kusan milibolt 80 wanda gashin ji, wato ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti, ke aiki da shi. Wannan aiki ba ya tsayawa dare da rana, kuma wurin ba shi da ajiyar makamashi ta a-zo-a-gani. Sukarin jini mai hawa da sauka, da lalacewar ƙananan jijiyoyi, suna taɓa shi kai tsaye. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano raguwar ji ta ninka kusan sau biyu a masu ciwon sukari. A Turkiyya ma, wani gwaji da aka wallafa a 2021 ya nuna masu ƙiba da ke da ƙarar kunne sun sami sauƙi bayan sun rage nauyi ta hanyar abinci da motsa jiki, ko da yake abincin nasu ba keto ba ne.

A ganinmu, wanda ya fi dacewa ya gwada shi ne mai ƙiba, ko mai tumbi, ko wanda sukarinsa ya fara hawa. Wanda ƙararsa ta samo asali daga injin masana'anta ko harbin bindiga, kuma jininsa lafiya lau, kada ya sa rai da yawa, domin gashin ji da ya mutu ba ya tsirowa da kowane irin abinci.

A fara da kunnen, ba da kwanon abinci ba

Kafin ka cire ko loma ɗaya, je likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ka, a yi maka gwajin ji. Sau da yawa dauɗar kunne ce ta toshe, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, ko kuma magani ne: asfirin mai yawa, kwinin, gentamicin, furosemide da cisplatin duk sanannu ne wajen jawo ƙarar.

Akwai alamomin da ba a gwajin abinci a kansu. Idan jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, a je asibiti a ranar, domin maganin sitiroyid ya fi aiki a makonni biyun farko. Haka nan idan ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko a kunne ɗaya kawai take, ko tana zuwa da hajijiya mai tsanani, ko gefen fuska ya saki. Wanda kuma ƙarar ta kai shi ga tunanin halaka kansa, ya nemi taimakon likita nan take.

Daga nan sai gwajin jini: sukarin safe kafin a ci komai, HbA1c (matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya), kolestarol, aikin ƙoda da hanta, bitamin B12, da awon hawan jini. Sukarin safe daga 100 zuwa 125 mg/dL, ko HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4, yana nuna ana dab da ciwon sukari. Ka adana sakamakon, domin da shi za a kwatanta a ƙarshe.

Waɗanda keto zai iya yi wa illa

Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon sukari nau'in farko, mai ciwon ƙoda ko hanta da ya yi nisa, wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, da wanda ke da matsalar ƙin cin abinci ko ci ba ƙaƙƙautawa, duk kada su shiga sai da umarnin likitansu. Mai shan maganin ciwon sukari irin su empagliflozin, dapagliflozin ko canagliflozin yana cikin haɗari na musamman: haɗa su da keto na iya sa jini ya yi tsami da kiton alhali na'urar awon sukari tana nuna komai daidai, kuma hakan yana kisa. Mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide ko gliclazide kuwa, dole likita ya rage masa awo tun ranar farko, in ba haka ba sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL. Maganin hawan jini ma yakan buƙaci gyara, musamman mai sa fitsari.

Makonni biyu na awo kafin a canza komai

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma rashinsa ne ke lalata gwajin baki ɗaya. Ƙarar kunne tana hawa da sauka da kanta. Yawancin mutane suna fara sabon abu ne a makon da ta fi azabtar da su, sai ta lafa kamar yadda ta saba, su ɗauka abincin ne.

Ka sami ɗan littafi. Kullum safe da dare, a lokaci guda, a ɗaki guda mai shiru, rubuta lamba biyu daga 0 zuwa 10: ɗaya ta ƙarfin ƙarar, ɗaya ta yadda ta dame ka. Ƙara da awannin barci, ko ka shiga hayaniya, da duk maganin da ka sha. Kada awon ya wuce minti ɗaya, domin yawan kasa kunne ga ƙarar yana ƙara mata girma a ƙwaƙwalwa. Idan likitanka yana da takardar THI ta auna yadda ƙarar ke damun mutum, mai tambayoyi 25, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 100, cike ta yanzu.

Shayi da kofi ka bar su yadda suke. Yanke su lokaci guda yana kawo ciwon kai, kuma wani gwaji da aka yi a Ingila bai nuna barin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana rage ƙarar ba. Kada kuma ka fara sabon magani ko sabuwar na'ura a tsakiyar gwajin, in ba larura ba.

Shiga tsarin

Sauka a hankali ya fi faɗawa gaba ɗaya. A makon farko ka tsaya a giram 100 na sitaci da sukari a rana: cire lemon kwalba, sukari, zuma, ruwan 'ya'yan itace da biskit. A mako na biyu ka sauko 50. Daga na uku ka zauna tsakanin 20 da 30.

Sai ka san yawan sitaci da sukarin da ke cikin abin da kake ci. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45, yankan burodi ɗaya 13 zuwa 15, ayaba matsakaiciya 27, gwangwanin lemo mai mililita 330 kusan 35, kofin madara 12, cokalin shayi na sukari 4. Ƙwai ɗaya bai kai giram 1 ba, nama da kifi da mai kuwa babu. Wake, duk da amfaninsa, kofi ɗaya dafaffe yana kai wa giram 40, albasa matsakaiciya kuma kusan 10, kuma a irin waɗannan ne lissafi ke kuɓucewa.

Furotin ya kasance giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonka. Mai kilo 70 ke nan zai ci giram 84 zuwa 112. Misalin yini guda: da safe ƙwai uku da alayyafo, da rana kifi ko kaza giram 150 da kabeji da kokwamba da cokali biyu na man zaitun, da dare nama da farin kabeji da rabin piya.

Irin man da ka zaɓa yana da muhimmanci a nan fiye da yadda masu tallar keto ke faɗa. Nazarin bayanan UK Biobank, wata babbar taskar bayanan lafiyar mutanen Birtaniya, da aka wallafa a 2020 ya gano masu cin mai da yawa sun fi yawan ƙarar kunne, masu samun furotin da bitamin B12 da yawa kuma sun fi ƙarancinta. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba sanadi ba, amma ya isa ya sa mu ce: a fifita kifi mai maiƙo, ƙwai, man zaitun, piya da gyaɗa, a rage kitsen nama da man shanu da naman gwangwani.

Kiton yakan bayyana cikin kwana 2 zuwa 4 bayan an sauko ƙasa da giram 50. Wajen auna shi, na'urar awon jini ta fi tsinken gwajin fitsari inganci, domin tsinken yakan daina nunawa idan jiki ya saba. Ana neman 0.5 zuwa 3.0 mmol/L. Idan ya haura 3 tare da amai, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, musamman ga mai ciwon sukari, a tafi asibiti.

Abin da ke lalacewa da dalilinsa

A kwanakin farko ƙarar na iya ƙaruwa. Jiki yana ajiye da kusan giram 400 zuwa 500 na gilaikojin, wato sukarin ajiya, a hanta da tsoka, kowane giram riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan ya ƙare ruwan yana fita, insulin ya sauka, ƙoda ta zubar da gishiri. Sakamakon shi ne ciwon kai, kasala, ɗaurewar tsoka, jiri idan an miƙe, da barci rabi-rabi, kuma rashin barci kaɗai ya isa ya ɗaga ƙarar kunne. Maganinsa ruwa lita 2 zuwa 2.5 a rana, ƙarin rabin cokalin shayi na gishiri a romo ga wanda ba shi da hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, da ganye mai yawa domin fotasiyam da maganisiyam. Yawanci yana wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. Kada ka bi ciwon kan da asfirin ko ibuprofen kullum, domin su kansu suna tayar da ƙarar.

Mai cutar Meniere, wadda ke haɗa hajijiya da cikar kunne da ƙara, shawarar ƙara gishiri ba tasa ba ce. Shi rage gishiri ake sa shi, galibi zuwa miligiram 1,500 zuwa 2,000 na sodiyam a rana, alhali cokalin shayi ɗaya na gishiri yana da kusan 2,300. Gare shi ya fi dacewa ya tsaya a rage sitaci zuwa giram 100 zuwa 130, ya raba abincinsa daidai a yini.

Akwai wata matsala da ba a cika ambata ba. Bututun da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci yana zama a rufe ne da taimakon ɗan kitsen da ke kewaye da shi. Idan aka rame da sauri kitsen yana narkewa, bututun ya zauna a buɗe, mutum ya riƙa jin numfashinsa da muryarsa suna amsa-kuwwa a kunne, ya ji sauƙi idan ya kwanta ko ya sunkuya. Bayan ruwan makon farko ya fita, kada raguwar nauyi ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Idan alamar ta bayyana, ƙara abinci da ruwa, ka koma wurin likitan kunne.

Taurin bayan gida yana zuwa daga ƙarancin harza, tsakuwar ƙoda daga ƙarancin ruwa, kuma a wasu mutane kolestarol na LDL, nau'in da ke toshe jijiyoyin jini, yana hawa sosai.

Yanke hukunci

Ka ba tsarin makonni 8 zuwa 12, amma kada ka saka makonni biyun farko cikin lissafi. A ƙarshe ka fitar da matsakaicin lambobin makonni biyun ƙarshe, ka kwatanta da na makonnin awo. A takardar THI, raguwar maki 7 ko fiye ita ake ɗauka canji na gaske. Sau da yawa lambar damuwa ce ke sauka alhali ta ƙarfi tana nan, kuma wannan ma riba ce. A sake gwajin jinin nan gaba ɗaya.

Sai ka maido da sitaci sannu a hankali, kowane mako ka ƙara giram 20 zuwa 25 a kan abin da kake ci a rana, daga wake, 'ya'yan itace da hatsin da ba a cashe ba, kana ci gaba da rubutu. Idan sauƙin ya ɗore har a giram 100 ko 130, to barin sukari da rage nauyi ne suka yi aikin, ba kiton ba, kuma babu buƙatar zama cikin tsananin keto. Idan ƙarar ta dawo a wani mataki, ka koma na ƙasa da shi na mako biyu don ka tabbatar. Idan kuwa babu canji bayan makonni 12, ko LDL ya yi tsalle, ka bar tsarin, ka kai littafinka da sakamakon gwajin jinka wurin likita ku tattauna batun na'urar ji, amfani da sauti mai laushi da dare, da horon CBT.