Yadda ake duba funfunar saiwa a dajin Hainich na Jamus

Idan kana son sanin irin funfunar da ke zaune da saiwoyin itatuwa a dajin Hainich da ke jihar Thuringia, kada ka ɓata lokaci wajen ƙirga naman kazan da ke fitowa a watan Oktoba. 'Ya'yan funfunar ne kawai, kuma akwai funfunar da ba ta fitar da shi sam. Harkar tana bakin ƙananan saiwoyi, inda funfuna ke kai wa itace ruwa da fosfarus da naitirojin, shi kuma ya biya ta da sukari. Tun 1885 masanin tsirrai na Jamus Albert Bernhard Frank ya bayyana wannan zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Ka fara da neman izini, domin kudancin Hainich gandun ƙasa ne tun 1997, ba a haƙa a cikinsa sai da yardar hukuma.

Sai zaɓen itace. Ni nakan haɗa itatuwan Turai biyu, bic (beech) da ash, saboda hanyarsu daban ce. Funfunar bic da itacen ok (oak) takan naɗe bakin saiwa daga waje, kamar yadda take yi wa doka da kawo a dazukan gida. Ta ash da itacen mapul (maple) kuwa cikin ƙwayoyin saiwar take shiga.

Ka buga bututun ƙarfe zurfin santimita 10, tazarar taku ɗaya ko biyu daga gindi. Ruɓaɓɓen ganyen sama leda guda, ƙasar da ke ƙarƙashinsa wata leda, don mazauna wurare biyun ba iri ɗaya ba ne. Kuma ƙananan samfura da yawa sun fi babban rami guda, tunda abin yakan canza daga nan zuwa can ko a ƙarƙashin itace ɗaya. Komai ya shiga firji a ranar.

Wanki ne ke cin rai. Jiƙa ƙasar ta yi laushi, ka zuba a rariya, ruwa ya riƙa bi a hankali. Ka buɗe famfo da ƙarfi, bakin saiwar da ka zo nema ya bi magudana. Kafin ka ƙirga komai, tantance saiwar wa ke hannunka. Itacen da ka tsaya kusa da shi ba lallai ne mai ita ba, na maƙwabta ma sukan ratso.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga bakin saiwar bic gajere, a kumbure, babu gashin saiwa. Baƙi ƙirin mai tsinken gashi a miƙe shi ne Cenococcum geophilum, nau'in funfuna mai jure fari, kuma da wuya ka rasa shi. Mai santsi, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan ja, sau da yawa Lactarius subdulcis ne. Wanda ya yamutse ya mutu, ka cire shi da hantsaki. A saiwar ash ba za ka ga komai ba sai ka dafa ta a ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) kashi 10 cikin 100, ka rina da tawada da binega, sannan rassan funfunar su bayyana a ciki.

Launi dai yana yaudara. In da hali, a karanta sashen ITS na DNA, wanda ake tantance nau'in funfuna da shi, a gwada da UNITE, rumbun bayanan DNA na funfuna.

Kada ka bar wurin ba ka ɗebi ƙasar auna tsami da naitirojin ba. Hainich a kan dutsen farar ƙasa yake, abin da ka samu can ba zai zo daidai da na dajin bic mai ƙasa mai tsami ba. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2018, a filaye 137 na ƙasashen Turai 20, ya nuna jerin funfunar yana sauyawa da zarar naitirojin da ke sauka daga iska ya haura kusan kilo 6 a hekta a shekara. Ka rubuta awon a jikin kowace leda, tare da sunan itacen da zurfin.