Kurakuran da Ke Kashe Jan Furen Giliya a Lambu

Na gaji da ganin sababbin masu lambu a nan jihar Colorado ta Amurka suna hallaka wannan fure da hannunsu, sannan su ce irin ne bai da kyau. Jan furen giliya, wato Ipomopsis aggregata a kimiyyance, ɗan dangin furannin da ake kira phlox ne, asalinsa tsaunuka da busassun filayen yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, tun daga lardin British Columbia na Kanada har Meziko. Wurin da ya saba da shi ƙasa ce mai tsakuwa, ga rana, ga ƙarancin ruwa.

Babban kuskure shi ne rashin haƙuri. A shekarar farko ba ya fure ko kaɗan. Ganye kawai yake shimfiɗawa a ƙasa, siri-siri, da ɗan wari idan ka murza. Sai ya shekara, wani lokaci fiye da haka, kafin ya miƙe da kara ya fitar da jajayen furanninsa masu kama da kakaki. Wani da na bar wa lambuna da na yi tafiya ya ɗauka ciyawa ce, ya tuge min layi guda tas. Aikin shekara ya tafi a yini ɗaya, har yau abin na min ciwo. Haba jama'a, abin da ba ka sani ba, me ya kai hannunka gare shi? Yanzu duk tsiro sai na kewaye shi da ƙananan duwatsu.

Sai ruwa. Wai ku tausayi kuke yi masa, kuna ta ban-ruwa safe da yamma, kuna zuba taki. Saiwarsa ruɓewa take yi a ƙasa mai riƙe laima. Ni yashi da tsakuwa nake gaurayawa, kuma ba na ba shi ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe.

Kada ka dasa shi bayan ya girma, saiwarsa ɗaya ce doguwa, ba ta son taɓi. Watsa iri da kaka, sanyi ya ratsa shi.

Idan ya gama fure ya bushe, ba cuta ba ce, sau ɗaya yake fure ya mutu. Bar karan ya zubar da iri. Ni kowace shekara nake ƙara shuka don kada lambu ya yi fashin fure.

Barewa ta ci kansa? Kar ka tuge, sau da yawa yakan sake fitar da rassa.