Tsamin ƙasar daji: inda ake yawan yin tuntuɓe

Da yawa sun ɗauka tunda ruwan sama mai asid ya ragu a Turai da Amurka, magana ta ƙare. Gaskiya ne hayaƙin farar wuta daga tashoshin kwal ya yi ƙasa sosai bayan yarjejeniyar da ƙasashen suka sa wa hannu a 1979. Amma ƙasar daji ba ta saurin mantuwa. Shekaru ruwan ya yi yana wanke kalsiyam da magniziyam daga inda saiwoyi ke ci, kuma sai duwatsu sun rududduge a hankali ake mayar da gurbinsu. Ga iskar amoniya daga gidajen kiwo, wadda ita ma ke ƙara wa ƙasa tsami, har yau tana sauka a dazukan Jamus da Holan. Don haka kar ka tsaya a ruwan da ke sauka, ƙasar za ka auna.

A wurin awon ma akwai tuntuɓe. Mutum zai kankare saman ƙasa, ya haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ya ce ya sami pH, wato ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru. Ba haka ake yi ba. Ka ware ganyen, ka haƙa, ka ɗebi kowane zurfi daban, domin can ƙasa ne alminiyam ke narkewa yana lalata ƙananan saiwoyi. In a ruwa aka jiƙa ƙasar a awon baya, kai ma ka auna a ruwa. In ka koma ruwan gishirin kalsiyam, lambar za ta sauka da kusan 0.5, ka ɗaga hankalinka a banza. Kuma daga 5 zuwa 4 ba taku ɗaya ba ne, ninki goma ne.

Awon shekara uku ba ya nuna komai. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, an bar wata gona mai suna Geescroft ta koma daji a shekarun 1880, pH ɗinta na kusan 7. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ya sauka ƙasa da 4.5. Sun gane haka ne don magabata sun busar da ƙasar sun adana a kwalabe. Kai ma ka ajiye taka, da kwanan wata.

Sai masu ɗora wa hayaƙi laifin duka. Itacen kansa na ƙara tsami: yana zuƙar kalsiyam ya tara a ɓawo da rassa, in aka sare aka kwashe har da rassan, an tafi da shi ke nan. Shi ya sa a Suwidin ake mayar da tokar itace daji.

Maganin ma ba a yi masa gaggawa. In aka zabga farar ƙasa mai saurin narkewa, ruɓaɓɓen ganye zai ƙare da wuri, naitireti, wani sinadari mai gurɓata ruwa, ya zurare cikin rafi. A Jamus garin dolomait, dutse mai kalsiyam da magniziyam, suke watsawa da jirgi mai saukar ungulu, kusan tan 3 a kowace hekta, kuma ba sa taɓa fadamun da asali masu tsami ne. A dajin Hubbard Brook na Amurka an watsa ma'adinin kalsiyam a 1999, sai da aka yi shekaru kafin itatuwan mapul su murmure.