Yadda ake raba 'ya'yan alobera a dasa su a gida

Duk wanda ya ajiye alobera a tukunya har ta shekara biyu ko uku, wata rana zai duƙa ya tarar da ƙananan tsirrai sun leƙo daga gindinta, ganyensu da ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabuwa. Waɗannan 'ya'yanta ne. Daga jikin karanta da ke binne cikin ƙasa suka toho, shi ya sa kowannensu yake kama da uwar sak. Su ne kuma hanyar da ta fi sauƙi da tabbas ta samun sabuwar shuka.

Kafin mu kai ga haka, akwai wata dabara da ake yawan yaɗawa wadda nake so ka bari: yanke ganye ɗaya a caka a ƙasa. Ni ma na gwada ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo ganyen yakan yi makonni yana nan kore shar, in sa rai, sai in taɓa gindinsa in ji ya yi laushi yana wari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ganyen alobera salka ce kawai, ma'ajiyar ruwa. Wurin da sabon toho da saiwa ke fitowa yana jikin kara, ganyen da aka yanke kuwa bai tafi da shi ba. Akwai wasu tsirrai masu kaurin ganye da kan tsiro ta wannan hanya, daga nan ne ma ruɗanin ya samo asali, amma alobera da wuya ƙwarai ta yi hakan.

Ka bari ɗan ya yi ƙwari

Gaggawa ce asarar farko. Ɗan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba har yanzu uwarsa ce ke ciyar da shi. Ka jira ya kai santimita 8 zuwa 10, da ganye huɗu ko biyar. A wannan girma yawanci ya fara fid da saiwar kansa, kuma ɗa mai saiwa ko da guda biyu ce ya fi marar saiwa saurin kamawa nesa ba kusa ba. Lokacin ɗumi, sa'ad da shukar ke cikin girma, ya fi dacewa. Idan sanyi ya yi tsanani alobera takan tsaya cik, raunin da aka yi mata ma ba ya saurin warkewa.

Ka daina ba uwar ruwa kamar mako guda kafin ranar aikin, domin busasshiyar ƙasa ta fi sakin saiwa ba tare da ta tsinke ba. Abin da za ka tanada kaɗan ne: wuƙa mai kaifi da aka goge da sifirit, ƙananan tukwane, da ƙasar dashe.

Rabawa

Kada ka tsaya tonon ɗan daga sama kana ja. Ka kwantar da tukunyar a gefenta, ka bubbuga jikinta, ka zare uwar gaba ɗaya da ƙasarta. Sai ka karkaɗe ƙasar da yatsu har ka ga inda kowane ɗa ya haɗu da uwa. Wani lokaci da ka ɗan murɗa shi a hankali zai ɓalle da kansa. Idan ya ƙi, ka sa wuƙa ka yanke mahaɗin kusa da jikin uwar, yanka ɗaya, don ɗan ya tafi da guntun kara da duk saiwar da yake da ita.

Tunda uwar ma tana waje, ka duba saiwarta. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, launinta fari-fari ko ruwan ɗorawa. Wadda ta yi baƙi ko ta yi laɓa-laɓa ka yanke ta. Ka kula da ƙayoyin gefen ganye, da kuma ruwan nan mai launin rawaya da kan tsiyayo idan ganye ya karye. Yana da ɗaci, yakan sa wasu ƙaiƙayi, kuma yana ɓata cikin kyanwa da kare idan suka tauna ganyen.

Barin raunin ya bushe

Nan ne na fi so ka natsu, domin nan ake rabuwa tsakanin wanda nasa ya kama da wanda nasa ya ruɓe. Ɗan da ka yanke yana da ɗanyen rauni a gindinsa. Idan ka binne shi haka cikin ƙasa mai danshi, ka buɗe wa ƙwayoyin ruɓa ƙofa. Don haka ka shimfiɗa shi kan takarda a inuwa, inda iska ke shiga, ya kwana biyu zuwa uku. Idan yankan yana da faɗi ko iskar tana da laima, ka bar shi har mako. Za ka gane ya isa idan wurin ya bushe ya yi ɓawo, ka taɓa ba ya manne wa yatsa.

Na san da wuya mutum ya ga shukarsa a kwance ba ƙasa ba ruwa hankalinsa ya kwanta. Amma ka tuna asalin alobera daga tsibirin Larabawa ne, ƙasar duwatsu da fari. Da rana takan rufe ƙananan kafofin numfashin ganyenta don kada ruwa ya tsere, sai dare ta buɗe su. Ruwan da ke cikin ganye huɗun nan zai riƙe ɗan makonni. Ko ya ɗan yi yaushi, ba komai.

Tukunya da ƙasa

Tukunya dole ta kasance da huda a ƙasa. Ta yumɓu wadda ba a yi wa fenti ba ta fi, saboda jikinta na fitar da danshi. Ta roba ma tana yi, sai dai za ka ƙara rage ban ruwa. Kada ka ba ƙaramin ɗa ƙatuwar tukunya don ka ga zai girma: ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe. Mai faɗin santimita 8 zuwa 10 ta ishe shi shekarar farko.

Ƙasar kuwa, ka haɗa rabi ƙasar shuka mai laushi, rabi yashi mai manyan ƙwayoyi ko ƙananan tsakuwa. Rairayi mai laushi sosai ba ya taimakawa, cushewa yake yi. Gwajin da nake yi shi ne in jiƙa haɗin kaɗan in dunƙule a hannu. Idan na buɗe hannun ya wargaje, ya yi. Idan ya tsaya a dunƙule, sai in ƙara yashi. Tsakuwar da wasu ke jerawa a gindin tukunya ba ta maye gurbin huda.

Dasawa

Ka yi ɗan rami, ka sa saiwar da guntun karan, ka mayar da ƙasa ka danna kaɗan. Gindin ganyen ƙasa ya tsaya daidai saman ƙasa, kada ya nutse. Idan ɗan ba shi da saiwa yana faɗuwa, ka tokare shi da ƙananan duwatsu biyu ko uku maimakon ka ƙara zurfafa shi. Uwar ma, bayan nata raunin ya sha iska, ka mayar da ita tukunyarta da sabuwar ƙasa.

Sannan kada ka ba su ruwa. Ka bari mako guda ya wuce tukuna, ɗan da ba shi da saiwa ma ya kai mako biyu. Ranar da za ka ba shi, ka zuba a ƙasar kewaye da shi har ruwa ya fito ta hudar, kada ka zuba a tsakiyar ganye, ka kuma zubar da wanda ya taru a faranti. Daga nan ba sauran ruwa sai ka cusa yatsa kamar santimita 3 ka ji ƙasar ta bushe. Taki ba ya da amfani a watannin farko.

Ka ajiye shi inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukansa kai tsaye, kamar kusa da taga. Bayan wata guda ka fara fitar da shi ga hantsi, kana ƙara lokacin sannu a hankali. Sanyin da ke daskarar da ruwa yana kashe alobera, don haka mai irin wannan yanayi ya shigar da ita ɗaki.

Sau da yawa sabon dashe yakan juya ruwan ƙasa ko ja-ja a makonnin farko. Gigicewar dashe ce ko rana ta yi masa yawa, kuma kore yakan dawo. Wanda ganyensa ya yi siriri yana naɗewa ciki, ƙishi yake ji. Abin tsoro shi ne gindi mai laushi da ganye mai ɗaukar launin rawaya kamar ya jiƙa. Idan ka ga haka ka tumɓuke shi nan take, ka yanke ruɓaɓɓen wurin har ka kai lafiyayyen nama, ka sake shanya shi, ka dasa a busasshiyar ƙasa. Bayan mako uku zuwa shida ka ɗan ja shi a hankali. Idan ka ji ya riƙe ƙasa, ko ka ga sabon ganye na fitowa daga tsakiya, ya kama.

Akwai masu tambaya game da iri. Yana yiwuwa, amma alobera ta tukunya ba kasafai take fure ba, idan ta yi ma yawanci sai an samu barbara daga wata shukar daban kafin ta ba da iri mai tsirowa.

Hanyar da ta fi wannan amfani ita ce ta tsohuwar uwa da karanta ya yi tsawo ya tsiraice, har ta fara kwanciya a bakin tukunya. Ka yanke kan da guntun kara kamar santimita 5, ka cire ganyen ƙasa biyu ko uku, ka shanya shi mako guda a inuwa, ka dasa kamar yadda ka dasa ɗa marar saiwa. Kututturen da ya rage a tukunya kada ka zubar. Ka ci gaba da ba shi ruwa jefi-jefi, sau da yawa bayan 'yan makonni zai fid da sababbin 'ya'ya ta gefensa, su ma ka jira su kai santimita 8 kafin ka raba.