Yadda Ake Kwantar wa Kare Hankali da Kiɗa Idan Hadari Ya Taso

Da zarar hadari ya haɗo daga gabas a Damagaram, tun kafin ɗigon farko, karen gidanmu ya riga ya sani. Sai ya kama haki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana kai-komo daga zaure zuwa gindin dogon yaro. Daminar bara har sarƙa ta yanke shi a wuya saboda fizga. Abin ya tsaya mini a rai, domin dabbar da ke kwana tana gadinka haƙƙinta na wuyanka. Ga yadda na yi.

Da farko, nemi kiɗan da ya dace. A 2002, Deborah Wells ta jami'ar Queen's da ke Belfast ta gwada wa karnuka kiɗa iri-iri, aka ga kiɗan Turawa mai taushi yana sa su kwanta su rage haushi, mai hargowa kuwa ya ƙara tayar musu da hankali. Mu nan muna da namu: molo, gurmi ko sarewa, wanda ake yi a tsanake. Ka bar kalangu da algaita, kaifinsu ya yi yawa.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke kuskure: kada ka jira sai an fara tsawa. Karen da ya riga ya firgita ba ya sauraron komai. Ka fara tun cikin bazara, da yamma, bayan ya ci ya ƙoshi ya miƙe a inuwa. Ka kunna masa minti 15 zuwa 20 kullum, a wuri ɗaya, kan tsohon buhun da ya saba kwanciya. Sannu a hankali zai haɗa wannan sauti da hutu. Ranar da iska ta juya ka ji ƙamshin ruwa, sai ka kai shi wurin ka kunna tun sama ba ta yi ƙara ba. Haka ma ranar hawan salla, idan gidanku na Birni kusa da fada, inda bindigogi ke tashi.

Sauti kuma ƙasa-ƙasa. A ma'aunin kaifin sauti da ake kira hertz, kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000, na kare ya wuce 40,000. Ajiye wayar ko rediyon taku uku daga gare shi, kuma ka cika caji tun da rana, don ka san wuta kan ɗauke da hadari.

Ka riƙa sauya kiɗan. Masu bincike a jami'ar Glasgow sun lura cewa kare kan saba da abu ɗaya cikin 'yan kwanaki, amfanin ya ragu. A 2017 kuma suka ga rege na cikin waɗanda suka fi yi musu aiki.

Sannan ka zuba masa ido. Idan hakin ya lafa, ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa na gaba, ka dace. Idan ya tashi ya bar wurin, rage sautin ko ka canja, kada ka ɗaure shi dole, kada ka daka masa tsawa.

Amma idan kare ya sauya hali kwatsam ba hadari ba bindiga, yana dalalar da yawu, yana kai cizo, wannan ba na kiɗa ba ne. Ciwon haukan kare na kisa. Ka janye yara, ka kulle shi, ka kira likitan dabbobi nan take.