Yadda ake haɗa ƙaramar amfilifayar hedifon da wutarta

'Yan'uwa da dama a nan Riyad suna ta tambayata yadda ake haɗa ta. A nemi kayan a shagunan lantarki na unguwar Batha: OPA2134 (ƙaramar IC mai ƙara ƙarfin sauti) da soket ɗinta mai ƙafa 8, batir 9V, resistoci da kafasitoci.

1. Fara da wuta: jera resista 4.7k guda biyu tsakanin jar waya da baƙar wayar batir.
2. Ɗauki mahaɗarsu a matsayin layin ƙasa (ground), wanda za a kira ƙasa a matakan gaba.
3. Ɗora kafasita 220µF a kan kowace resista. Hattara! Ƙafar da ke da ratsi ta fuskanci ɓangaren baƙar waya, in an juya ta tana iya fashewa.
4. Auna da mita: kusan 4.5V kowane gefe na layin ƙasa. In ba haka ba, dakata.
5. Liƙa soket da dalma, OPA2134 tana ajiye tukuna, zafi na lalata ta.
6. Kai jar waya ƙafa ta 8, baƙa ƙafa ta 4. Nan aka fi ƙona OPA2134, a ƙirga daga ɗigon da ke jikinta, wanda ke nuna ƙafa ta 1.
7. Shigar da sautin hagu ƙafa ta 3 ta kafasita 0.1µF.
8. Sa resista 100k daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa.
9. Sa 10k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2.
10. Sa 1k daga ƙafa ta 2 zuwa ƙasa.
11. Fitar da sauti daga ƙafa ta 1.
12. Maimaita wa dama: 5, 6 da 7 a madadin 3, 2 da 1.
13. Dasa OPA2134 a soket.
14. Gwada da tsohon hedifon, a rage sautin wayar salula sosai. Ninki 11 take ƙarawa, don Allah a tausaya wa kunne.